Warda al-Jaza'iriyya: mace ɗaya ce ta yi waƙar awa guda da waƙar matasa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Larabci. Kwanakin baya na ji wata waƙar Larabci mai daɗin kiɗa a TikTok, sunanta Batwannis Bik, aka ce wata mai suna Warda ce ta rera ta. Da na nemi sunan a YouTube sai na ci karo da tsohon bidiyo, wata mata tsaye gaban makaɗa masu yawa tana rera waƙa ɗaya har kusan awa guda. Malam, mutum ɗaya ce? In ita ce, me ya sa ta bar wancan salon ta koma na matasa, ba zubar da girma ba ne? Sannan ƙawayena suna ta musu, wata ta ce 'yar Masar ce, wata ta ce 'yar Labanan ce, wai kuma aure ya taɓa hana ta waƙa. Don Allah a warware mana."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mutum ɗaya ce. Sunanta Warda Fatuki, amma duniyar Larabawa ta san ta da Warda al-Jaza'iriyya. An haife ta a 1939, ta rasu a 2012. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: 'yar wace ƙasa ce, me ya faru tsakanin aurenta da sana'arta, kuma ko sauya salon da ta yi a ƙarshen rayuwarta ci baya ne. Na uku shi ne mai nauyi, a kansa zan fi tsayawa, sai dai ba za a gane shi ba sai an bi ta kan na farko da na biyu.

Na yi karatu a Alƙahira, kuma tun da na dawo gida nake koyar da Larabci. Cikin abubuwan da nake amfani da su don saba wa kunnen ɗalibai da karin harshen Masar akwai waƙoƙin wannan baiwar Allah, saboda tana fitar da kowane harafi ras, ba ta haɗiye kalma. Daga wannan ƙofar nake magana. Hukuncin kiɗa da waƙa a shari'a fage ne na malaman fiƙihu, ba shi kika tambaya ba, kuma ba a kansa nake ba da amsa ba.

Kafin komai akwai abin da ya kamata ki riƙe game da waƙar Masar ta ƙarni na 20. Aikin mutum uku ne. Akwai sha'iri da ke rubuta baitoci, akwai mulahhin, wato wanda ke ɗora wa baitocin karin sauti ya tsara abin da makaɗa za su kaɗa, sannan akwai mai rerawa. Ba kamar marigayiya Barmani Choge ba, wadda ke ƙirƙirar baitinta ta rera da kanta, 'yan amshi da masu kiɗan ƙwarya suna biye da ita. A can, mawaƙiya komai ƙarfin muryarta tana buƙatar mulahhin, kuma sau da yawa tarihin mawaƙiya tarihin masu tsara mata kiɗa ne. Warda ta yi aiki da mutane na zamani uku daban, shi ya sa kika ji kamar mata biyu ne.

Daga Paris zuwa Alƙahira

Ba a Aljeriya aka haife ta ba, ba kuma a Masar ba. An haife ta a Puteaux, wata unguwa a gefen birnin Paris. Mahaifinta Muhammad Fatuki mutumin Suk Ahras ne a gabashin Aljeriya, mahaifiyarta kuma 'yar Labanan ce. To kin ga ƙawarki da ta ce 'yar Labanan ce tana da rabin gaskiya. Mahaifin yana da gidan kiɗa a tsakiyar Paris mai suna Tam-Tam, wurin da mutanen Tunisiya da Aljeriya da Maroko mazauna Faransa ke taruwa da dare, manyan mawaƙan Larabawa da suka zo birnin su ma su leƙa. A nan ta buɗe ido, Faransanci a makaranta da titi, waƙoƙin manyan mawaƙan Masar, Ummu Kulsum da Muhammad Abdulwahab, da na Labanan a gida. Tana da kimanin shekara 11 aka fara jin muryarta a wani shirin rediyo na Paris wanda Ahmad Hashlaf ke gabatarwa.

Siyasa ce ta fitar da su daga Faransa. Yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya ɓarke a ranar 1 ga Nuwamba 1954. A 1956 'yan sandan Faransa suka gano makamai a gidan kiɗan mahaifinta, waɗanda aka ɓoye wa ƙungiyar FLN mai jagorantar gwagwarmayar. Aka rufe wurin, iyalin suka bar ƙasar. Aljeriya tana hannun Faransa, ba halin zuwa can, sai suka nufi Bairut, garin dangin uwa. Ina so ki lura da wannan da kyau, domin shi ne tushen laƙabin da ya bi ta har kabari. Yarinya ce da ba ta taɓa zama a Aljeriya ba, amma saboda Aljeriya gidansu ya rasa abin dogaronsa. A Bairut ta ci gaba da waƙa a gidajen kiɗa, har da waƙoƙin goyon bayan gwagwarmayar, ciki da wadda ta yi wa Jamila Buhairid, budurwar da Faransawa suka kama suka yanke wa hukuncin kisa.

A 1959, a garin Aley na kan duwatsun Labanan, Muhammad Abdulwahab ya saurare ta. A wancan lokacin babu wanda ya fi shi faɗa a ji a harkar kiɗan Larabawa in ba Ummu Kulsum ba. Daga nan hanyar Alƙahira ta buɗe. Alƙahira ta shekarun Jamal Abdul Nasir ita ce cibiyar komai: kamfanonin fim, kamfanonin faifai, da gidan rediyon Sautul Arab wanda ake kamawa daga Maroko har Iraƙi, wanda kuma ya tsaya wa 'yan gwagwarmayar Aljeriya. Matashiya 'yar Aljeriya mai irin wannan murya ta zo daidai lokacin da ake buƙatarta. A 1960 aka sa ta cikin babbar waƙar haɗin kan Larabawa, al-Waɗan al-Akbar, wadda Abdulwahab ya tsara, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Abdulhalim Hafiz da Sabah da Shadiya da Najat, tana da shekara 21. Riyad Sunbati, wanda ya tsara wa Ummu Kulsum wasu daga cikin ƙasidunta mafi wuyar rerawa, ya tsara mata kiɗa. Ta fito a fim a 1962 da 1963. Duk wanda ya kalli al'amarin a lokacin zai ce wannan yarinya ta kama hanya, ba abin da zai tare ta.

Shekarun shiru

Aljeriya ta sami 'yanci a watan Yuli 1962. Warda ta tafi ƙasar mahaifinta, ta auri wani hafsan soja, kuma sharaɗin auren shi ne ta bar waƙa. Ta bari. Kusan shekara goma ba a ji ta a dandali ba, ta zauna gida ta haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji. Don haka abin da ƙawayenki suka ji gaskiya ne.

A 1972 ƙasar ta shirya bikin cika shekara 10 da samun 'yanci, Shugaba Hawari Bumadyan ya nemi ta rera waƙa a bikin. Ta rera. Bayan haka auren ya mutu, ta koma Alƙahira. Mutane suna son su mayar da wannan labari tatsuniya mai mugu da nagari, wasu su zagi mijin, wasu su zage ta a kan ta zaɓi dandali ta bar gida. Ni ba na bin ko ɗaya. Abin da ya gudana tsakanin mata da miji a cikin ɗakinsu nasu ne, ba hurumin mai nazarin waƙa ba ne. Abin da ya fito fili shi ne ta karɓi sharaɗi da kanta, ta cika shi shekaru masu yawa, kuma da ta koma waƙa ta biya farashi mai tsada, domin 'ya'yan suna ƙanana.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a matsayina na mai bibiyar harkar, shi ne shirun bai kashe ta ba. A wannan sana'a shekara biyu ma in aka daina jin mutum sai a manta da shi. Ita ta dawo tana da shekara 33, muryar ta ƙara kauri da zurfi. In kika saurari abin da ta ɗauka a farkon shekarun 1960 za ki ji murya mai ƙarfi, mai son hawa sama, amma kamar tana gaggawar nuna abin da ta iya. Wadda ta dawo a 1972 ta san inda za ta sassauta. Sannan lokacin ya yi mata daidai ta wata fuskar da ba wanda ya shirya: babban mawaƙi Farid al-Atrash ya rasu a ƙarshen 1974, Ummu Kulsum a Fabrairu 1975, Abdulhalim a Maris 1977. Cikin shekara uku manyan ginshiƙai suka faɗi, masu sauraron doguwar waƙa suka shiga neman wanda zai riƙe musu ita.

Balig Hamdi, da waƙar da kika gani a YouTube

Wanda ya gina Warda ta biyu shi ne Balig Hamdi. Ya aure ta bayan dawowarta Masar, suka zauna tare har 1979. Balig ya fara tsara wa Ummu Kulsum kiɗa tun yana matashi, a 1960, kuma shi ne mutumin da ya shigo da ɗanɗanon kiɗan karkara, na ƙauyukan Sa'id a kudancin Masar, cikin babbar waƙar birni. A ƙungiyar makaɗansa za ki ga goge na Turawa jere da yawa, ga ud da ƙanun, kayan kiɗan Larabawa masu tsirkiya, da sarewar nay, ga kuma gita mai lantarki da ogan da akodiyon. Kiɗansa yana da motsi, yana canza taki a tsakiyar waƙa, yana sa mutum ya kaɗa kai ko da baitin na baƙin ciki ne. Waƙar al-Uyun as-Sud ta 1972 ita ce ta sanar da dawowarta, daga nan suka jero wasu da yawa. A lokacin yaƙin Oktoba 1973 tsakanin Masar da Isra'ila su biyun suna cikin na farko da suka je gidan rediyo suka ɗauki waƙar ƙarfafa wa sojojin Masar gwiwa, kuma har yau Misirawa na saka ta duk ranar 6 ga Oktoba.

Yanzu bari in yi miki bayanin abin da ya sa waƙa ɗaya ke cin kusan awa guda, don ɗalibaina ma a nan suke fara gajiya. Baitocin ba su da yawa, in an rubuta su ba su fi shafi ɗaya ba. Makaɗa ne ke fara buɗewa da muƙaddima mai tsawo, wani lokacin minti goma kafin mawaƙiya ta buɗe baki. Waƙar ta kasu gida-gida, kowane gida da maƙaminsa, wato tsarin sautukan da ake tafiya a kai, kamar bayati ko rast ko hijaz ko nahawand. Wasu maƙaman suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano, shi ya sa kunnen da ya saba da kiɗan Turawa ke jin su baƙi da farko. Mawaƙiya za ta rera layi ɗaya, ta sake rera shi da wata lanƙwasa, ta sake da wata, kowane karo ta rufe shi da ƙafla, wato saukar da ake yi a ƙarshen jimla. In ƙaflar ta zauna daidai sai ki ji zauren ya ɗauki sowa, ana "Allah!", ana roƙon ta maimaita. Wannan yanayi da mai rerawa da masu sauraro ke shiga tare shi suke kira ɗarab. Ba a rubuta shi a takarda, a daren ake yin sa, shi ya sa waƙa ɗaya a bukukuwa biyu ba ta zama iri ɗaya.

Inda Warda ta bambanta da Ummu Kulsum a wannan fage, a ganina, shi ne fara'a. Ummu Kulsum tana tsayawa cak da hankicinta a hannu, kwarjininta ya cika zauren. Warda kuwa tana murmushi, tana tafa hannu tare da mai kaɗa gangar darbuka, tana yi wa jama'a magana tsakanin baitoci, wani lokaci har ki ji dariya a cikin muryarta tana tsakiyar layi. Ki riƙe wannan, domin shi ne abin da ya ba ta damar tsallakawa zuwa zamanin da ya biyo baya. Wadda duk girmanta ya dogara a kan kwarjini ba za ta iya rera waƙa mai sauƙi ba tare da ta zube ba. Ita tun asali akwai wasa a cikin salonta.

Ba Balig kaɗai ba ne. A ƙarshen shekarun 1970 Abdulwahab ya tsara mata Fi Yaum wi Laila, wadda mai yiwuwa ita ce kika gani, domin tana cikin dogayen waƙoƙinta da aka fi yaɗawa. Sayyid Makkawi kuma ya ba ta Auƙati Btihlaw, wadda ya tanadar wa Ummu Kulsum amma ta rasu kafin ta rera ta. Ki auna abin da wannan ke nufi a idon Misirawa: abin da aka ɗinka wa Ummu Kulsum aka ga ba wadda zai yi wa daidai sai ita. A 1979 ta koma garin haihuwarta ta yi wasa a zauren Olympia na Paris. A tsakanin nan ta taɓa faɗawa cikin rikicin shugabanni: dangantaka ta yi tsami tsakanin Masar da Libiya, ta rera wata waƙa da aka ɗauka yabon Gaddafi ce, gwamnatin Anwar Sadat ta hana saka waƙoƙinta na wani lokaci kafin a ɗage takunkumin.

Me ya sa ta sauya

A nan ne zuciyar tambayarki take. Doguwar waƙa ba haka kawai ta tsiro ba, tana da abin da ke ɗauke da ita: gidan rediyon gwamnati da ke watsa biki kai tsaye, jama'a da ke zama dare guda don sauraro, da kuɗin biyan makaɗa talatin ko arba'in. Ummu Kulsum tana yin bikinta ranar Alhamis ta farkon wata, gari ya yi tsit a kunna rediyo. Kaset ya rushe wannan tsari. Tun daga shekarun 1970 mutum irin Ahmad Adawiyya, wanda gidan rediyo ba ya saka waƙoƙinsa don ana ganin na 'yan tasha ne, ya sayar da kaset ba adadi ba tare da izinin kowa ba. Mai motar haya da mai shago suka zama su ke zaɓar abin da gari zai ji. A shekarun 1980 sai ga matasa irin su Hamid ash-Sha'iri da Amr Diyab da waƙoƙin minti biyar, kiɗan na'ura, tafi da taki mai sauri. A farkon shekarun 1990 tashoshin tauraron ɗan'adam suka iso, MBC ta fara a 1991, waƙa ta zama abin kallo a bidiyo. Ba tashar da za ta ba waƙa ɗaya minti hamsin.

Me ya rage wa mawaƙiyar da ta haura shekara 50? Tana iya ajiye sana'ar, kamar yadda Shadiya ta yi a tsakiyar shekarun 1980. Tana iya ci gaba da rera tsofaffin waƙoƙinta ga tsofaffin masoyanta a manyan otal da bukukuwan bazara, ta rayu cikin mutunci, masu sauraronta suna raguwa kowace shekara. Wannan hanya ba aibu a cikinta, kuma da yawa ita suka bi. Ko kuma ta nemi matashin mulahhin ta shiga kasuwar da 'ya'yan cikinta ke ciki, inda in ta faɗi za a yi mata dariya. Shekarun 1980 ba su yi mata daɗi sosai ba, tauraronta ya ɗan dushe bayan rabuwa da Balig. Ta zaɓi hanya ta uku. Ta haɗu da Salah ash-Sharnubi, mutumin Iskandariyya wanda ta girme shi da shekaru masu yawa, da sha'iri Umar Baɗisha, suka fitar da Batwannis Bik a 1992. Ita ce kika ji a TikTok. Bayanta Harramt Ahibbak da wasu suka biyo, matasan da ba su taɓa zama sun saurari doguwar waƙa ba suka haddace su. Karin Batwannis Bik ya tsallaka teku har ya shiga wata waƙar mawaƙiyar Amurka Aaliyah, wadda Timbaland ya haɗa wa kiɗa.

Shin zubar da girma ne? Masu suka a Masar sun faɗi haka a lokacin, kuma ba zan ce ba su da hujja ko kaɗan ba. An yi asarar abu na gaske. Gajeriyar waƙa ba ta barin fili a lanƙwasa layi sau biyar, ba ta barin jama'a su shiga cikin aikin. Ganga ta na'ura ba ta jin numfashin mawaƙiya balle ta jira ta, alhali makaɗi na gaske mai gangar hannu yana kallon bakinta. Kuma cikin abin da ta fitar a waɗannan shekaru akwai waƙoƙin da ba su kai muryarta ba, kiɗansu ya tsufa da wuri, yau in an saka su sai a ji ƙarar na'urar zamanin ta fi komai fitowa.

Duk da haka ni ina ganin ta yi daidai, kuma dalilina daga cikin aji na samo shi. Nakan saka wa ɗalibai Batwannis Bik in ce su ajiye kiɗan gefe su bi muryar kawai. Abin da suke ganowa shi ne ba ta rera ta kamar yadda 'yar shekara 20 za ta rera ba. Numfashinta dogo ne, tana jan wasali ta yi masa ado kafin ta sauke, ƙaflarta irin ta makarantar Sunbati ce, sai dai an matse ta cikin ƙaramin wuri. Baitocin ma ba na yarinta ba ne, magana ce ta wadda ke samun natsuwa da kasancewar wani a kusa da ita, abin da ya dace da bakin babbar mace. Ba ta sa kayan yara ba, ba ta yi rawar yara ba. Ta rage tsawo, ta karɓi sabon taki, ta riƙe yadda ake furta kalma da yadda ake rufe jimla. Hausawa na cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma mai rawar ita ce dai. Sannan akwai ribar da masu sukar ba su lissafa ba: yaran da suka shigo ta ƙofar gajeriyar waƙa da yawansu sun bi sawu har zuwa dogayen. Ke kanki shaida ce, daga TikTok kika faɗa bikin shekarun 1970. A gasar waƙa ta talabijin irin su Arab Idol, budurwar da ke son nuna wa alƙalai cewa muryarta ta gaske ce sau da yawa waƙar Warda take ɗauka.

Akwai kuma abin da ta buɗe wa matan da suka zo bayanta daga yammacin ƙasashen Larabawa. Samira Sa'id daga Maroko, Laɗifa da marigayiya Zikra daga Tunisiya, duk sun bi wannan hanya: a tafi Alƙahira, a rera da karin harshen Masar, a nemi manyan masu tsara kiɗa. Dalilin a fili yake. Fina-finai da rediyo sun sa kowane Balarabe yana fahimtar harshen Alƙahira, alhali Larabcin titin Aljiyas ko Kasabalanka yana yi wa mutumin Bagadaza wuya. Samira ma ta yi irin sauyin da Warda ta yi, daga waƙar gargajiyar birni zuwa kiɗan matasa. Zamanin Nancy Ajram da Sherine, wanda ya kunno kai a farkon shekarun 2000, ya tarar an riga an share wannan fili.

To 'yar ina ce?

Wadda ta ce 'yar Masar ce ta faɗi abin da kunne ke ji: kusan duk shahararrun waƙoƙinta da harshen Masar ne, Misirawa ne suka rubuta suka tsara, a Alƙahira ta yi yawancin rayuwarta, a can ta rasu. Amma ita kanta ba ta taɓa sakin Aljeriya ba, kuma wannan ya taɓa jawo mata baƙin jini. A Nuwamba 2009 Masar da Aljeriya suka yi karon neman gurbin gasar cin kofin duniya, aka buga wasan raba gardama a Omdurman ta Sudan, Aljeriya ta ci 1 da nema. Rikicin ya fita daga filin ƙwallo ya shiga jaridu da talabijin na ƙasashen biyu. Warda ta nuna tana bayan ƙasar mahaifinta, sai wasu a Masar suka tashi suna kiran a daina saka waƙoƙinta, matar da ta yi musu waƙar yaƙin 1973. Abin ya ba ni takaici ƙwarai a lokacin, har yanzu ma in na tuna. Ƙurar ta lafa daga baya.

Shekarunta na ƙarshe sun zo da jinya. An yi mata aikin zuciya a 1996, aka yi mata dashen hanta a farkon shekarun 2000, amma ta sake hawa dandali, har da bikin Ba'albak na Labanan. Ta rasu a gidanta a Alƙahira ranar 17 ga Mayu 2012 sakamakon bugun zuciya, tana da shekara 72. Shugaba Abdul'aziz Butafliƙa ya aika jirgi ya ɗauko gawarta, aka binne ta ranar 19 ga wata a maƙabartar al-Aliya da ke Aljiyas, a ɓangaren da ake binne shugabanni da jaruman yaƙin 'yanci. Ki gaya wa ƙawayenki: haihuwar Faransa, uwa 'yar Labanan, sana'a a Masar, uba da laƙabi da kabari na Aljeriya.

Tunda Larabci kike karantawa, ga yadda nake ba ɗalibaina shawara su bi ta. Kada ki fara da mafi tsawo. Ki tsaya kan wadda kika riga kika so, ki nemo baitocinta a rubuce, ki lura da yadda harshen Masar ke mayar da jim ta koma "g", ƙaf kuma ta koma hamza, da "b" da ake liƙa wa aikatau don nuna abin da ke gudana yanzu, kamar yadda yake a farkon sunan waƙar. Ki yi hattara kada wannan ya shiga rubutunki na jarrabawa, domin nahawun aji daban, harshen waƙa daban. Bayan nan ki koma waƙoƙin Balig na farkon shekarun 1970, waɗanda kiɗansu ke da motsi, ba za su gundure ki ba. Sai kin saba sannan ki zauna wa Fi Yaum wi Laila, kuma ki nemi ɗaukar biki mai jama'a a ciki, ba ta situdiyo ba, ki ba ta lokacinta ba tare da kina tsallakewa ba. Ni malamin harshe ne mai son kiɗa, ba makaɗi ba, don haka in kina son ki iya rarrabe bayati da rast da kunnenki, wannan sai wurin wanda ke riƙe da ud a hannu, ya kaɗa miki su ɗaya bayan ɗaya kina ji.